Fara da Kalanda: Yadda Ake Shigar da Ƙa'idojin Hutun Ma'aikata a Manhaja

A ofisoshi da yawa har yanzu da takarda ake neman hutu. Ma'aikaci ya cika fom, shugaban sashe ya sa hannu, akawu ya buɗe babban littafi ya rage kwanaki. Hanyar tana da jinkiri, fom yakan ɓace, amma akwai abu guda da ba a sanin darajarsa sai an bar ta: akawun nan yana da tunani. In gwamnati ta ƙara ranar hutun Sallah, ya sani. In mahaifin direba ya rasu cikin dare, ba zai tambaye shi dalilin da ya sa bai nemi izini tun makon jiya ba. Manhaja kuwa abin da ka gaya mata shi za ta yi wa kowa, kullum, ba sani ba sabo. Saboda haka duk wani ɗan akwati da ka danna lokacin saita ta, hukunci ne ka yanke a kan kwanakin wani bawan Allah, wani lokaci ma a kan albashinsa.

Zan yi bayanin da Frappe HR, domin ita na fi sani. Kamfanin Frappe na birnin Mumbai a Indiya ne ya yi ta, da can wani ɓangare ce na ERPNext, a 2022 aka ware ta ta tsaya da ƙafarta, kuma ana iya ɗora ta kyauta. In wurin aikinku Odoo yake amfani da ita, ko OrangeHRM, ko SeamlessHR ta Legas, sunayen shafukan za su bambanta, amma tambayoyin da za a yi maka kusan iri ɗaya ne.

Takarda kafin kwamfuta

Kada ka buɗe manhajar tukuna. Ɗauko takarda, ka zauna da wanda yake da ikon yanke magana a wurin, ku rubuta kowane irin hutu da kuke bayarwa, kwana nawa ne, wa ya cancanta, da albashi ko babu. Za ka yi mamakin yawan abubuwan da ba a taɓa yankewa ba, ana dai tafiya ne da "ai haka aka saba". Waɗannan su ne za su zama rigima nan gaba, kuma gara a yi gardamar yanzu a kan tebur da a yi ta ranar da mutum ya riga ya sayi tikitin mota.

Ƙasan abin da za ku rubuta shi ne doka. A Najeriya Dokar Ƙwadago, a sashe na 18, ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi, wanda bai kai shekara 16 ba kuma ranaku 12. Sashe na 16 ya ba da har ranakun aiki 12 a shekara na rashin lafiya da albashi, in akwai shaidar likita mai rajista. Sashe na 54 ya ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, kuma in ta yi wata 6 ko fiye a wurin, a biya ta aƙalla rabin albashinta. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Yawancin kamfanoni suna ba da fiye da haka, gwamnatin tarayya ma hutun haihuwa da ya fi na dokar tsawo take ba ma'aikatanta mata, kuma a 2021 ta amince da kwana 14 ga maza in an yi musu haihuwa. Ka lura kuma dokar ba ta sa manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru cikin waɗanda ta kira ma'aikata ba, su takardar ɗaukar aikinsu ce hujjarsu, don haka sai ka karanta ta. In kuna da reshe a Maraɗi ko Yamai, lissafin daban yake: dokar aiki ta Nijar ta 2012 kwana biyu da rabi take bayarwa a kowane wata na aiki. A Gana kuwa dokar 2003 ta ce aƙalla ranakun aiki 15 a shekara. Reshe a wata ƙasa yana bukatar nasa tsarin, kada a haɗa.

Kalandar ranakun da ba a aiki

Ga inda na fi so a daɗe, domin nan ne yawancin ɓarna take faruwa, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Manhaja ba ta san Asabar da Lahadi ranakun hutu ba ne. Ba ta san Sallah ba. Jerin ranakun da ka shigar mata kawai take dubawa, duk ranar da ba ta cikin jerin, a wurinta ranar aiki ce, kuma za ta cire ta daga kason ma'aikaci.

Ka buɗe sabon jeri na shekarar, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Da farko ka zaɓi ranar hutun mako ka ce a zuba ta duka, za ta cika maka duk Asabar ɗin shekara, ka maimaita da Lahadi. Sannan ka shigar da ranakun da ba sa motsi: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba. Juma'a da Litinin na Ista suna canzawa kowace shekara amma ana sanin su tun da wuri. Saura Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi, waɗanda suke bin ganin wata, kuma sai Ministan Cikin Gida ya sanar kafin su tabbata.

Abin da ya faru a Afrilun 2024 ya isa misali. Gwamnatin tarayya ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga wata a matsayin hutun Ƙaramar Sallah. Ba a ga wata ba, azumi ya cika 30, fadar Sarkin Musulmi ta sanar Laraba ce Sallah, sai gwamnati ta ƙara Alhamis 11. To ka ɗauki ma'aikacin da tun a Maris ya nemi hutu daga Litinin 8 zuwa Juma'a 12, aka amince masa. In da ma Talata da Laraba suna cikin jerin, manhaja ta cire masa kwana 3: Litinin, Alhamis da Juma'a. Bayan ƙarin, kwana 2 ya kamata a cire. Ko ka gyara kalandar, buƙatar da aka riga aka amince da ita ba ta sake lissafa kanta. Sai ka nemo duk waɗanda hutunsu ya ratsa ranar, ka soke buƙatar kowa ka sake shigar da ita, kwanansa ya dawo masa. Na taɓa ganin wurin da ba a yi haka ba, sai a ƙarshen shekara wata ma'aikaciya da take rubuta kwanakinta a ɗan littafi ta zo da lissafinta, aka duba aka ga ita ke da gaskiya, kuma ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Tun daga nan na mayar da shi ƙa'ida: a farkon shekara ina shigar da ranakun Sallah bisa hasashe, washegarin kowace sanarwa kuma ina komawa in gyara, in bi buƙatun da suka ratsa ranakun ɗaya bayan ɗaya.

Jeri ɗaya ba zai ishi kowa ba. Wasu gwamnatocin jihohin Arewa sukan ba da hutun 1 ga Muharram, reshenku na Kano zai iya rufewa alhali na Fatakwal yana aiki. Makarantar da take hutu Alhamis da Juma'a tana bukatar nata jerin. Masu gadi da ma'aikatan jinya da suke aikin karɓa-karɓa ba su da Asabar da Lahadi irin ta ma'aikacin ofis. A Frappe HR akwai jerin kamfani gaba ɗaya, akwai kuma damar a ɗaura wa mutum nasa, kuma nasa shi ne yake rinjaye. In ka bar mai aikin kwana 6 a mako a kan jerin masu kwana 5, kowace Asabar da ya yi hutu kyauta ya same ta, in kuma aka yi akasin haka, an zalunci ɗayan.

Ire-iren hutu da akwatunan da ke ƙarƙashinsu

Yanzu ka ƙirƙiri kowane irin hutu da ke kan takardarka. Shafin yana da akwatuna da yawa, amma kaɗan ne suke da nauyi.

Mafi nauyinsu shi ne wanda yake tambaya ko a ƙirga ranakun hutun da suka faɗo a tsakiya a matsayin hutu. Ga hutun shekara da aka rubuta da ranakun aiki, ka bar shi a buɗe, kada ka danna. Ga hutun haihuwa da aka rubuta da makonni, ka danna shi, sannan ka shigar da kwanakin kalanda: mako 12 kwana 84 ne, mako 16 kuma 112. Duba abin da kuskure yake jawowa a nan. In ka rubuta 84 ba ka danna ba, za a ba ta ranakun aiki 84, wato kusan mako 17. In kuma ka ce bari in rubuta ranakun aiki, ka sa 60, sannan ka danna akwatin, za a kira mai jego ta dawo aiki kafin ta cika mako 9. Kuskuren farko kamfani ne zai yi asara, na biyu kuma karya doka ne, kuma mace ce da jariri za su ɗauki nauyinsa.

Sai maganar albashi. Akwai akwatin hutu ba albashi, akwai na hutu da wani kaso na albashi, inda za ka rubuta 0.5 in rabi kuke biya. Waɗannan biyun kai tsaye suke shiga lissafin albashin wata, don haka kada ka saita su kai kaɗai, ka kira akanta ya zauna kusa da kai.

Akwai wurin rubuta ranakun aiki nawa sabon ma'aikaci zai yi kafin ya iya neman wannan hutun. Ya dace da hutun shekara. Bai dace da rashin lafiya ba, zazzaɓi ba ya jiran mutum ya gama watannin gwaji. Akwai kuma iyakar kwanakin da za a iya ɗauka a jere. Hutun uzuri, irin na suna ko ɗaurin aure ko kai yaro asibiti, yana son wannan iyaka, ƙila kwana 2 ko 3, don kada ya koma hutun shekara na biyu. Amma ka yi hattara da sa ta a kan hutun shekara, domin wanda ya tara kwanakinsa don zuwa aikin Hajji yana bukatar wata guda ko fiye a jere.

Tunda an zo kan Hajji, akwai ire-iren hutun da manhajojin nan ba sa zuwa da su, domin ba a ƙasarmu aka tsara su ba, sai kai ka ƙirƙira. Hutun rasuwa, wanda kwana 3 na zaman makoki shi ne mafi ƙarancin abin da mutum zai bukata, ban da tafiya. Hutun Hajji, in wurinku yana bayarwa, da sharaɗinsa: sau nawa a rayuwar aiki, da albashi ko babu. Da kuma takaba, wata 4 da kwana 10. Ban ce dole kowane kamfani ya biya albashin wannan tsawon lokaci ba, amma ina ganin wajibi ne a yanke matsaya a rubuta tun babu wadda abin ya sama. Matar da mijinta ya rasu jiya ba ita ce za ta tsaya ciniki da ofis ba. Ka haɗa da hutun madadi ga wanda ya yi aiki ranar Sallah ko Kirsimeti, manhajar tana da akwatinsa, kuma ma'aikaci ne yake shigar da ranar da ya yi aikin, a amince, sannan kwanan ya shiga kasonsa.

Rabon kwanaki

Ƙirƙirar irin hutu ba ta ba kowa ko kwana ɗaya. Sai ka buɗe shekarar hutu, ka haɗa ire-iren hutun cikin tsari guda da adadin kowanne, misali tsarin ƙananan ma'aikata da na manya, sannan ka ɗaura wa kowane mutum tsarin da ya dace da shi. A lokacin ne kwanaki suke shiga kasonsa.

Hanya biyu ce. Ko a zuba wa mutum kwanakinsa duka ranar 1 ga Janairu, ko ya riƙa samu kaɗan-kaɗan kowane wata. Ta farko ta fi sauƙin fahimta, matsalarta ita ce mutum zai iya cinye kwanakin a Fabrairu ya ajiye aiki a Maris. Ta biyu ta fi daidai, amma tana da tarko a wajen cike adadi. In kason shekara 24 ne, kwana 2 a wata, babu matsala. In 20 ne, kowane wata zai kama 1.67, kuma manhajar za ta tambaye ka yadda za ta daidaita ɓurɓushin. Ka ce ta daidaita zuwa rabin kwana, sai ya koma 1.5, a wata 12 ya zama 18. Kwana 2 sun tafi ba wanda ya gani. Ka ɗauki biro ka ninka da 12 kafin ka amince da kowane zaɓi. Wanda aka ɗauka aiki a tsakiyar shekara kuma kasonsa gwargwadon watanninsa ne, mai kwana 20 da ya fara 1 ga Yuli 10 zai samu.

Sauran kwanakin da ba a ci ba fa? Akwai akwatin ƙetarar da su zuwa sabuwar shekara, da iyakar adadin da za a ƙetarar, da kwanakin da za su yi kafin su ƙone. Dokar Ƙwadago ta yarda a jinkirta hutu bisa yarjejeniya, amma kada lokacin ya wuce wata 24, kuma ta hana a biya mutum kuɗi a madadin hutun da doka ta ba shi sai in aikinsa ya ƙare. Don haka akwatin sayar da hutu da kuɗi, in za ka danna shi, ya tsaya a kan kwanakin da suka haura na doka. In kuma kun sa wa'adin ƙonewa, to a riƙa tunatar da mutane wata guda kafin lokacin. Sau da yawa wanda kwanakinsa suke ƙonewa shi ne wanda shugabansa ya yi ta ce masa "bari sai an rage aiki".

Barin kaso ya shiga bashi, wato mutum ya ci kwanakin da bai tara ba tukuna, ni dai ba na buɗe shi ga kowa. In buƙata ta taso, a yi ta da sanin sashen ma'aikata.

Wa zai sa hannu

Kowane ma'aikaci yana bukatar mai amincewa da buƙatarsa, ko a sa a kan sashe gaba ɗaya ko a kan mutum. A shafin saiti ka danna cewa dole ne kowace buƙata ta kasance da sunan mai amincewa, ka kuma hana mutum amince wa kansa, domin shugaban sashe ma ma'aikaci ne kuma nasa hutun wani ne zai duba. Ka sa wa kowane sashe mutum biyu. Shugaba zai yi tafiya, zai kwanta rashin lafiya, zai tafi Makka, kuma buƙatun mutane bai kamata su yi ta jiransa ba. Matakai da yawa kuma ba su da amfani: shugaban sashe ya isa ga hutun kwana 2, hutu mai tsawo ko wanda ya taɓa albashi shi ne zai wuce zuwa sashen ma'aikata.

Akwai saitin da yake hana shigar da buƙatar ranar da ta riga ta wuce. Yana da kyau, domin yana hana a mayar da fashin aiki hutu bayan an gama. Sai dai rashin lafiya da rasuwa kullum a baya ake shigar da su. A Frappe HR hanin yana hawa kan kowa ne, amma an ba ka damar ware wani muƙami da zai iya shigar da na baya, sai ka ba jami'in sashen ma'aikata. Shi ne kuma zai riƙa shigar wa direbobi da masu gadi da masu shara waɗanda ba su da imel ko babbar waya. Kada a ce musu sai sun koyi kwamfuta kafin su sami haƙƙinsu, fom ɗin takarda ya ci gaba da zama a kan teburinsa dominsu.

Jerin ranakun da aka toshe yana da amfani ga wurin da yake da lokacin matsi: makaranta a makon jarrabawa, sashen kuɗi a rufe lissafin shekara, dillalin taki a farkon damina. Ka taƙaita shi ga sashen da abin ya shafa, ka ambaci waɗanda za su iya ɗage shi, ka kuma tabbatar bai hana hutun haihuwa, rashin lafiya ko rasuwa ba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne sirri. Takardar likita da ake liƙawa a buƙatar hutu bayanin lafiyar mutum ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa irin wannan cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Shugaban sashe ya san wane ba shi da lafiya, zai dawo ranar kaza, wannan ya ishe shi. Sunan ciwon ya tsaya a sashen ma'aikata. Ka duba izinin kowane muƙami, ka ga wa ke iya buɗe abin da aka liƙa.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ka sanar da kowa, ka ƙirƙiri ma'aikatan gwaji uku ko huɗu: tsohon ma'aikaci mai ragowar kwanakin bara, sabo da ya fara a tsakiyar shekara, mace mai shirin hutun haihuwa, da mai aikin karɓa-karɓa. Ga kowanne ka fara lissafa amsar da biro a takarda, sannan ka shigar da buƙatar ka ga ko manhajar ta ba da adadi ɗaya. Ka nemi hutun da ya ratsa ƙarshen mako, wanda ya ratsa Sallah, na rabin yini ranar Juma'a, da wanda ya fara a ƙarshen Disamba ya ƙare a Janairu. Wannan na ƙarshen zai nuna maka ko ka shirya kalandar shekara mai zuwa. Ka nemi fiye da abin da ke kaso ka ga an hana. Ka soke buƙatar da aka amince da ita ka ga kwanakin sun dawo. Ka fitar da takardar albashin gwaji ta wanda ya ɗauki hutu ba albashi, akanta ya duba.

Ranar da za ku ƙaura daga littafi zuwa manhaja, ragowar kwanakin kowa da hannu za a shigar. Ka buga wa kowane ma'aikaci nasa a takarda, abin da aka ba shi bana, abin da ya ci, abin da ya rage, ka ba shi mako guda ya duba da nasa lissafin. Wanda ya yarda ya sa hannu, wanda bai yarda ba ku buɗe tsohon littafin tare. Littafin kuma a ajiye shi a kabad, kada a jefar, har sai an rufe shekarar farko an ga lissafin manhaja da na takardun da aka sa wa hannu sun zo daidai.